Muryar da Take Kiran Tasi'u

Malam Haladu, na ji ka ɗazu kana yi wa kwampaila tsaki, wai sau tara tana dawo maka da aikinka. Gyara zama in ba ka wani misali. Kai da ka yi shekaru kana bin littattafan ɗalibai da jan biro, ai ka san irin aikinta. Sai ta karanta abin da ka rubuta tukuna. In ka ce abu iri uku ne, ka yi wa biyu tanadi, ba za ta mayar da shi manhaja ba sai ka cike na ukun.

An yi wani mai rubuta manhaja da aka ba aikin wani ƙaramin asibiti na karkara. Abin da ake so ba wuya. Duk yaron da lokacin allurarsa ta rigakafi ya yi, na'ura ta buga wa gidansu waya ranar Litinin bayan azahar, muryar mace ta ambaci sunansa, ta ce a kawo shi ranar Laraba. In ba a kawo shi ba, ta sake kira wani makon. Malaman asibitin suka gaya masa kowane yaro a rajistarsu ɗayan uku ne: yana nan, ko iyayensa sun ƙaura, ko ya rasu. Haka ya shigar. Da ya zo rubuta abin da na'urar za ta yi, ya rubuta na wanda yake nan, ya rubuta na wanda ya ƙaura, sai hannunsa ya tsaya. A lokacin matarsa na da tsohon ciki, ya ji rubuta mutuwa kusa da sunayen jarirai kamar mugun baki ne. Kwampaila ta ƙi aikin, ta ja wa wurin jan layi, ta ce saura ɗaya. Ya sake turawa, ta sake ƙi. Da ranar miƙa aiki ta matso, sai ya ƙara layi guda: duk wanda ya rage, a ɗauke shi kamar yana nan. Kwampaila ta yi shiru. Ya miƙa aiki, aka yaba masa, ya koma birni.

Damina ta zo da zazzaɓi, ta ɗauke yara bakwai a ƙauyen. Malamar asibiti ba ta yi sakaci ba, kowanne ta shigar da shi a rajista cewa ya rasu. Ranar Litinin bayan azahar, garin ya yi tsit saboda maza suna gona, sai waya ta yi ƙara a gidaje bakwai lokaci guda. Muryar ta yi sallama cikin fara'a, ta kira kowane yaro da sunan yankansa. Wata uwa ta ce mata ai Allah ya karɓi abinsa. Muryar ta ci gaba da magana ta bisa kukanta, ta yi godiya, ta kashe. Wani makon ta dawo. Wasu suka tura wayarsu cikin rumbu, amma in Litinin ta zagayo sai a ji ta can ƙarƙashin gero tana kuka. Kafin kaka, magana ta juye a bakin mutane. Aka manta cewa yaran sun rasu tun kafin muryar ta kira su. Sai aka ce duk yaron da ta kira sunansa ba ya daɗewa. Mata suka ɓoye katunan allura, wadda aka kira ɗanta mai rai ma ta goya shi ta gudu garin iyayenta.

Da aka ga ba mai zuwa allura, aka kirawo mai manhajar ya duba ko waya ce ba ta shiga. Ya iso wata Laraba, rana tsaka. Bencunan asibitin duk babu kowa, sai wata matashiya ita kaɗai a ƙarshen na baya, ta ɗaura majanyi tamau a ƙirji kamar mai goyo. Da ya wuce ta bayanta ya ga ba kowa a ciki. Ta miƙo masa kati da hannu biyu, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Malam, mako goma sha ɗaya ke nan tana cewa in kawo shi. To ga ni na zo. Don Allah ku gaya mata na zo." Ya duba katin ya ga an rubuta Tasi'u. Ɗan fari ne da aka sa wa sunan kakansa, ita kanta ba ta taɓa furta sunan ba tun ranar da aka raɗa shi, na'urarsa ce take faɗa mata shi duk Litinin. Nan kan bencin ya buɗe kwamfuta ya goge wancan layi, ya rubuta abin da ya kamata. Bai kai minti biyar ba. Amma sai da aka shekara ana bi gida gida ana lallashi kafin mata su dawo, kuma a tsakanin nan ƙyanda ta shigo ta tarar da yara ba allura. Shi kuwa, an ce har yau in wayarsa ta yi ƙara bayan azahar, sai ya bar ta ta gama.

To, koma kan aikinka, ka karanta abin da ta ce maka a hankali, layi ɗaya bayan ɗaya. Hausawa na cewa, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.