Geron Malam Sallau a Dogon Gilashi

Tun da aka kafa dokar gwajin iri, ba mai zuba ƙwaya a ƙasa sai gilashin injin gwaji ya yarda. Malam Sallau ya saba da gajeren gilashi, mai duba gero sama-sama ya sallame ka. Bana kuwa an kawo dogo, wanda aka ce yana bin ƙwaya har tsatsonta, kuma tun safe yake hana mutane shuka.

Hadari na haɗuwa a gabas. Sallau ya rungume ƙwaryar irin da ya gada wurin mahaifinsa.

"Baba, ƙwaya ɗaya ta isa," in ji Lantana, mai gwajin.

Ya zaɓi mai ƙiba, ya ɗan gatsa ta da haƙori yadda manoma ke yi don jin bushewa, ya jefa a faranti. Kafin Lantana ta buɗe baki, injin ya haɗiye.

Ɗigo-ɗigo suka fara haske a gilashin, kore bayan kore. Can gefe guda, ɗaya ya kama ja, alamar mugun ciwo.

"'Yata, geron ne?"

"Geronka lafiya lau, Baba. Je ka shuka." Ta ƙi haɗa ido da shi. "Dogon nan har yawun mutum yake karantawa."

Ya ɗauki ƙwaryarsa. Har ya kai bakin ƙofa ta kira shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, akwai wanda zai yi maka girbi?"