Kyaftin Da Mai Farin Hijabi

Da mai gabatar da shirin ya ce magoya baya su bugo waya, kowa ya faɗi abin da ya fi tunawa game da ƙungiyar ƙwallon kwando ta kwalejinsu a Kalgo, tsohon kyaftin ya ƙara muryar rediyo, ya gyara zama a gidansa na Gwandu. Yanzu za a ambaci jifar nan tasa da ta ciwo kofi.

Na farko akuyar da ta kutsa fili ya tuno. Na biyu kuwa wandon alƙalin wasa da ya yage. Kyaftin ya ja tsaki, ya kai hannu zai kashe rediyon.

Sai ga muryar mace.

"Ni ba na manta ranar da kyaftin ya biyo ƙwallo ya faɗo cikin 'yan kallo, ya kifar mini da zoɓo a farin hijabina. Washegari har gidanmu ya zo ba da haƙuri."

"To Hajiya, kin haƙura?"

"Ina dai shawara. Ga shi can ya turo baki, 'ya'yanmu na yi masa dariya."

Ya waiwaya da sauri. Ta ɗage labulen ɗaki, waya a kunne, ta kashe masa ido.