Sarƙa a Cikin Yashi

Na'urar gano ƙarfen ta yi ƙara daidai inda ruwan teku ke ja da baya, sai matar ta tsaya cak. Yau ta fara riƙe ta, ko ledar mariƙin ba a ɓare ba.

Mai sayar da kwakwa ya ɗaga murya daga rumfarsa. "Mama, in dukiyar 'yan fashin teku ce, ki tuna da ni! Ko tsabar kuɗi ta peso ɗaya ce, a raba!"

Matar ta ajiye na'urar. Ta durƙusa tana tonon yashi da hannu. Sauran matan suka kewaye ta da sheburansu, kowacce da hoton saurayi a gaban rigarta. Tun ranar da 'yan bindiga suka kwashe musu 'ya'ya suke tone-tone. Nata ɗan yana da ƙarfe a cinya tun wani haɗarin babur, shi ya sa ta dage sai an sayo na'urar.

Sarƙar azurfa ce ta fito, mai ɗan gicciye, harɗe da ƙashin wuya. Dariyar mai kwakwa ta ɗauke.

"Ba ɗana ba ne," in ji ta. "Wa ya san wannan sarƙar?"

Wata tsohuwa ta matso, ta sumbaci gicciyen, ta zauna dirshan a bakin ramin. "Ni na rataya masa ranar baftismarsa. Ashe nan kake, ɗana? Tashi mu tafi gida."

Matar ta rungume tsohuwar. Ta laluba cikin zuciyarta ko za ta samo tausayi, sai ta tarar da hassada.