Gicciyen Kara a Rumbun Baba

Rubuta yadda na faɗa, jikata. Ina yarinya a Kahu, wata la'asar Baba ya cire layar da ke rataye a rumbunmu, ya ɗaure kara biyu ya kafa gicciye. Wansa ya gani, ya ce, "Wannan ne zai hana gara cin dawarka?"

Baba ya ce, "Ba zai hana ba, Yaya. Ba laya ba ce. Yana tuna mini Yesu ya mutu domina."

Bana aka binne maigidana. Wasu suna cewa gicciyen wuyana bai tsare shi ba. Har yau kuka nake, ba na ɓoyewa. Amma da ma ba don tsari na rataya shi ba, kuma ba zan cire ba.