Zafin Ferrara

Ma'aunin zafin da ke bangon falo ya tsaya a kan talatin da ɗaya. Calogero ya tsaya a gabansa yana nuna wa mahaifiyarsa da yatsa, sai ka ce mai gabatar da shaida a kotu.

"Mama, duba da idonki. A ƙauye yau talatin da takwas ne. Nan ya fi sauƙi."

Tsohuwa Agatina ko kai ba ta ɗaga ba. Tana kishingiɗe, riga ta manne mata a baya, tana fifita da murfin kwali. "Kai ma'aunin ɗakina ya wuni, sannan mu ji ta bakinsa. Zafin gida gasa mutum yake yi ya ƙyale shi. Na garin nan dafa mutum yake yi."

Tun da ta zame a matakalar gidanta da ke kan tsaunukan Sisiliya, Calogero ya ɗauko ta ya kawo ta birnin Ferrara, can arewa, inda yake zaune da matarsa Ombretta. Har ya yi magana da dillali a kan sayar da gidan ƙauyen. Ta yi kuka, ta yi zagi, ta kira sunan marigayi mijinta, duk a banza. Taurin kan Calogero gado ne, kuma a wurinta ya gaje shi.

Ombretta, haifaffiyar Ferrara, ita ta rasa ɗakin ɗinkinta saboda baƙuwar. Duk yammar da Calogero ya saka makulli a ƙofa, sai ya tarar ana cacar baki, yau a kan gishiri, gobe a kan guga. Abu ɗaya ke sanyaya masa rai: taliya da miyar yalo ta fara yi masa ɗanɗano irin na yarintarsa. Ya ɗauka kewar gida ce ke wasa da harshensa.

Da Yuli ya kama, tsohuwa ta yi yaushi. Ya ce zai sa na'urar sanyaya ɗaki, ta ce iskar inji na riƙe mata wuya. Ya ce a buɗe taga, ta ce sauron kogi zai cinye ta da rai. Dole ya kira likita.

"Ma'aunin bai yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi ba," in ji likitan. "Gumi ke sanyaya jiki, amma sai in ya bushe. A tsauninsu iska a bushe take, nan da nan take lashe shi. Tamu ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da inda za ta sa na jikin mutum." Ya shafa bangon ɗakin, ya dubi tafin hannunsa. "Sai dai laimar ɗakin nan ta wuce ta gari. Kifi kuke kiwo?"

Maganar ta tsaya wa Calogero a rai. Washegari ya baro wurin aiki da tsakar rana ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Tururi ne ya fara tarbarsa. Babbar tukunya na tafasa a kicin, ƙofar kicin a wangale tana kallon ɗakin tsohuwa. A ɗakin, jiƙaƙƙun zannuwan gado ne a shanye daga bango zuwa bango, ƙasa sharkaf da ruwan gogewa, ga bokitai biyu na ruwan zafi a ƙarƙashin gado. Mahaifiyarsa na ganinsa ta lumshe ido ta hau nishi.

Ya koma kicin. "Ombretta, me ake dafawa a tukunyar nan?"

"Ruwa."

"Da me?"

"Da ruwa."

"Uwata kike so ki kashe?"

Ta goge hannu a tsumma, ta dube shi ido cikin ido. "Ɗakina nake so. Ka tambaye ni kafin ka kawo ta?"

Ranar bai ci abincin gidan ba. Ya buga wa dillali waya ya ce an fasa. Ya nemo Crocifissa, 'yar ƙanen mahaifinsa da mijinta ya rasu, ta yarda za ta zauna da tsohuwa a ƙauye. Da kansa ya haɗa akwatuna, ya fita bai yi wa matarsa sallama ba.

A hanya tsohuwa tana ta jan carbi. Sai da suka shiga jirgin ruwa da motarsu ta dafa gwiwarsa. "Kada ka tsananta wa matarka, ɗana. 'Yan arewa haka Allah ya yi su." Hawaye suka cika masa ido. Mace mai irin wannan zuciyar aka so a dafa da rai.

Ƙauye ya tarbe su da rana mai ƙuna, amma iskar tsauni ta busar da rigarsa tun kafin ya rufe mota. Tsohuwa ta haye matakalar da ta kayar da ita, sandarta a hammata. Shi kuwa ya tsaya sauke kaya, yana ta saƙe-saƙen ko akwai sauran zama tsakaninsa da matar da ta iya yin haka.

Yana wucewa ta ƙarƙashin taga da akwati a kafaɗa ya jiyo muryar mahaifiyarsa a waya, tana dariyar da rabonsa da jin irinta tun mahaifinsa na raye.

"Ombretta, 'yata, mun sauka lafiya, Allah ya yi miki albarka. Bar shi ya yi fushinsa, ni zan sauko miki da shi. Ban gaya miki ba? Yaron nan ba ya jin roƙo, amma a nuna masa muguwar suruka, da kansa zai tuƙo ni har ƙofar gidana."