Kwarin da Tumaki Suka Ƙi

Harsashi ɗaya Stuart Hebden ya saka wa karyar maƙwabciyarsa, ta faɗi a gindin tsohuwar katangar kankaren da sojoji suka koyi harbi a jikinta lokacin yaƙin duniya.

Bara ya sayi gona a tudun Yoksha, can ƙasar Turawa, da garkenta, don a nan ba a raba tumaki da ƙasarsu. Tudu ne fetal, babu shinge. Inda tunkiya ta yi kiwo, nan 'yarta za ta yi.

Sai ga rani ya ƙone ko'ina. Ciyawa ta rage a wuri ɗaya tak, kwarin da ke bayan katangar, kore shar. Tumakin Stuart kuwa haƙarƙari a waje, amma da sun iso bakin kwarin sai su dare gida biyu su kewaye shi. Guda uku da ya sayo a kasuwa ne kawai ke shiga, suna ci har su yi gyatsa.

To wa ke korar sauran? Stuart ya gama lissafinsa: maƙwabciyarsa, tsohuwa Edith Garbutt, ce ke sakin karyarta, tana tanadar wa nata garken. Shi ya sa ya harbe karyar.

Da jin ƙarar bindigar, Edith ta hauro da sanda.

"Kai, ɗan birni! Me ta ci maka?"

"Ciyawata, Iya. Ke kika aiko ta."

"Nawa tumakin ka taɓa gani a ciki, sakarai? Shekara saba'in ina tudun nan, ban taɓa ganin ta gida ta taka kwarin ba."

"Ki gaya wa alƙali."

Ta naɗe karyar a rigar ruwanta ta sauka.

Kashegari babu karya, tumaki kuma suka kewaye kwarin kamar kullum. Stuart ya jefe su, ya zage su har kakanninsu. Sannan ya loda turakun ƙarfe a tarakta. Zai kewaye wurin da waya ya kulle su ciki, su ci ko su mutu.

Turke na farko ya shige. Na biyu ya shige. Na uku ya ce ƙwal, gudumar ta dawo masa. Ya tona da hannu yana tsinuwa, sai ga wani ƙarfe mai tsatsa, da fikafikai a gindi.

Ya kai rahoto, sojoji suka rufe tudun. Abin da suka tono a kwarin ya cika buhuna, duk bama-baman atisaye da suka ƙi tashi. Da suka tayar da su, tagogin ƙauye sai da suka girgiza.

Edith ta same shi a bakin igiyar da sojoji suka tare wurin da ita.

"Ga mai korar maka tumaki nan," in ji ta, ta nuna wata tsohuwar tunkiya da ke tunkuɗe 'yarta daga hanyar kwarin. "Kakanninsu na nan aka yi ruwan wutar. Tun daga ranar uwa ke hana 'yarta, kai kuma ka je ka harbe mini karya."