Ranar da Nafi'u Ya Ƙi Maganar Surukinsa a Sama

Kai da kake ganin sunkuyar da kai faɗuwa ce, gyara zama ka ji. An yi wani matuƙin ƙaramin jirgin sama, Nafi'u, irin jiragen nan masu feshin tsuntsaye jan-baki. Wata damina tsuntsayen suka sauka wa shinkafar garin su matarsa, aka turo shi. Wanda ya san makwancinsu a cikin kachala, doguwar ciyawar nan ta fadama, kuwa ba kowa ba ne sai Sarkin Noma Jatau, surukinsa, mutumin da Nafi'u bai taɓa haɗa ido da shi ba, balle ya ce masa a'a. Aka ɗaure tsoho da bel a kujerar gefe, suka tashi da la'asar don ya nuna wurin. Tsohon nan bai taɓa hawa abin da ya fi bayan akori-kura bisa ba, amma kafin ka ce kwabo ya saki jiki, yana leƙen gonakin mutane yana faɗin wanda ya yi noma da wanda ya yi barci.

Sai hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Nafi'u ya gani, ya kuma san juyawa ce daidai. To amma Sarkin Noma ya ce ai ga wurin can gaba kaɗan, kuma da wane baki mutum zai ce wa uban matarsa su koma? Kunya ta kai shi inda hankali ya hana shi. Iska ta fara wasa da su, ruwa ya rufe gilashi. Nafi'u ya ja sitiyari don ya haye bisa gajimaren, ya ƙara ja, hancin jirgi ya yi sama, gudu ya yi ta raguwa. Shi kuwa jirgi gudunsa ne ke sa iska ta tallafe fikafikansa. In ya ɗaga hanci ya wuce kima, iskar sai ta zame, ya zama ƙarfe kawai a sararin Allah. Haka aka yi. Ƙararrawar gargaɗi ta ɗauki kuka, jirgi ya yi karkarwa, ya fara zubowa.

Tsoho ya manta da surukuta, ya damƙe masa hannu ya ce, "Ɗaga shi sama, ɗana, sama!" Ba tsoho kaɗai ba, zuciyar Nafi'u ma abin da take faɗa masa ke nan, don tsoro ya kama shi sosai, ya tuna matarsa Hansatu da za a kai wa labarin miji da uba a rana guda. Amma abin da aka koya masa har ya zauna a hannunsa shi ne, jirgin da ya fara faɗowa ba a ja masa kai, sunkuyar da shi ake yi. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ƙasa za mu." Ya zame hannunsa, ya tura sitiyari gaba, ya daidaita fikafikai, ya ƙara wuta. Jirgi ya nufi fadama kamar shirwa ta hango ɗan tsako. Tsoho ya runtse ido yana salati. Suna fitowa ta ƙasan gajimare Nafi'u ya ji sitiyari ya yi nauyi a hannunsa, alamar iska ta dawo ƙarƙashin fikafikai, sai a lokacin ya ja a hankali. Jirgi ya miƙe, ya shafi kan kachala, jan-baki suka tashi duhu guda. Sarkin Noma ya buɗe ido ɗaya ya ce, "To, ga su nan. Ai nan nake cewa."

Da suka sauka, Nafi'u ya cire takalmi ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa yana ba da haƙurin ƙin bin magana. Tsoho ya yi dariya har da hawaye, ya ɗago shi da hannu biyu, ya ce da ya bi maganarsa da yanzu kifi na gaisawa da su. Washegari aka yi feshi, shinkafa ta tsira, aka yi kaka mai albarka. Har yau in Sarkin Noma na ba da labarin a dandali, cewa yake shi ya nuna hanya, Nafi'u kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai taɓa musa masa ba. Jirgin da ya yarda ya duƙa shi ya komo sama da mutanensa. Hausawa sun yi gaskiya: durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.